Turancin Sabon Manaja

Ran wata Asabar da yamma, bayan an gama girbin dawa, ɗan ƙanwarmu ya sauka gidanmu daga Jos. Ba mu sa ran zuwansa ba, gama ba lokacin hutu ba ne. Bayan ya sha ruwa, ya gaisa da mutanen gida, sai ya jawo kujera kusa da mu, ya ce, "Kawu, an ba ni manaja."

Muka yi murna ƙwarai, muka yi wa Allah godiya. Yaron nan shekararsa ashirin da takwas. A wani babban shagon kayan gini ya ke aiki, inda a ke sayar da siminti da kwano da rodi. Shekara huɗu yana rubuta rasit, yanzu mai shagon ya ɗora shi bisa mutum goma sha huɗu, watau direbobi, da leburori, da mai kula da sito, da 'yan mata biyu masu karɓar kuɗi. Amma mun lura murnarsa ba ta kai tamu ba.

Ya ce, "Kawu, ba su ganin girmana. Mai siton nan ya girme Baba. In na yi magana sai ya ce to, ya ci gaba da abin da ya ke yi. Kai malamin Turanci ne. Ka rubuta mini manyan kalmomin da manajoji su ke yi, in haddace, domin ran Litinin in na buɗe baki su san an canja zamani."

Roƙonsa ba na wauta ba ne. A shagon nan akwai Birom, da Angas, da Igbo, da Bayarabe, da Bahaushe. Da Hausa a ke ciniki da yawancin masu saye, amma rahoton wata, da wasiƙa zuwa kamfanin siminti, da dukan abin da za a sa wa hannu, da Turanci a ke rubuta su. Wanda ba shi da kalmomin zai sha kunya a gaban mai shago. Saboda haka muka aiki yaro ya ɗauko mana ƙamus, muka zauna gindin mangwaro da takarda.

Muka fara da sunan aikinsa. Kalmar "manager", wadda bakinmu ya mayar manaja, ta shiga Turanci daga harshen Italiya tun ƙarni na 16, tushenta kuwa kalmar Latin ce mai ma'anar hannu. Da fari a kan mai horon doki a ke faɗinta, wanda ya iya riƙon linzami. Wanda ya taɓa hawa ya sani, in kullum kana jan linzami da ƙarfi, bakin dokin ya kan mutu, ya daina jin hannunka. "Boss" kuwa daga mutanen Holan ta fito. Su suka kai ta Amurka sa'ad da su ke zaune a inda birnin New York ya ke a yau, daga baya ma'aikatan ƙasar suka riƙe ta domin ba su son kiran kowa "master", gama da ita bayi su ke kiran iyayengijinsu. Mu a ofisoshinmu mun ari "oga" daga wurin Yarbawa. Wadda ta fi ba mu sha'awa ita ce "staff". Da ita a ke kiran ma'aikata, da ita kuma a ke kiran sandar da mutum ya ke dogarawa. Muka ce wa yaron ya ja mata layi.

Ya ja layin domin ladabi, sa'an nan ya ce, "Waɗannan duka na san su, Kawu. Ni irin na takarda na ke so, waɗanda in mutum ya karanta cikinsa zai ɗuri ruwa. Kamar 'query'."

A nan alƙalaminmu ya tsaya. Duk wanda ya taɓa aikin albashi a ƙasar nan ya san wannan kalma, wadda a ke fassarawa takardar tuhuma. Asalinta a Latin, tambaya ce kawai. Bisa ga ƙa'idar aiki ma abu ne na adalci, gama an shirya ta ne domin kada a hukunta mutum sai an ba shi dama ya yi bayani a rubuce. Amma tun da ya ke tana shiga fayil, ta zauna can har ranar da mutum zai bar aiki, ma'aikaci ya fi tsoronta da zagi. Mun taɓa rubuta guda ɗaya da ba mu taɓa ba wa yaran gidan nan labarinta ba. Ran nan muka ga lokaci ya yi.

Shekara tara ke nan da kwamitin makarantar ekklesiyarmu ya kira mu ya ce mu ne hedimasta. Shekarunmu talatin da 'yan kai a lokacin. Malamai goma sha ɗaya ne a ƙarƙashinmu, cikinsu har da dattijon da ya koya mana karatu a aji uku. Shi ya shiga aikin koyarwa tun 1976, shekarar da gwamnati ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta, aka yi ta neman malamai ko'ina. Yana da takardar malanta mai daraja ta biyu, wadda a ke kira Giredi Tu. Da ya cika shekara talatin da biyar a aikin gwamnati ya yi ritaya, ekklesiya ta roƙe shi ya zo ya taimaka. Kowa ya zaci shi za a ba kujerar. Aka ba mu, domin mu ne mu ke da difloma, masu duba makarantu daga ma'aikatar ilmi kuwa takarda su ke fara tambaya.

Wani malami ɗan Kanada, Laurence Peter, ya rubuta littafi a 1969 inda ya nuna yadda a kan yi ta ƙara wa ma'aikaci girma saboda ya iya aikin da ke hannunsa, har a kai shi matsayin da bai iya ba, a can kuwa ya ke tsayawa. Mu mun iya koyar da Turanci a aji biyar da shida. Amma ba wanda ya taɓa koya mana yadda za ka gaya wa mutumin da ya share maka majina cewa ya makara. Tsoro ya kama mu, irin wanda muka gani a idon ɗan ƙanwarmu. Muka nemi wurin ɓuya, muka same shi a cikin Turanci.

Kwana uku muna shirya jawabin taron malamai na fari. Dā da Hausa a ke yin taron, sai in za a rubuta abin da aka yanke a juya shi Turanci. Mu muka miƙe tsaye, muka yi shi duka da Turanci. Muka ce "henceforth", watau daga yau. Muka ce "I will not tolerate lateness", watau ba za mu lamunci makara ba, ba mu kuma son jin wani "excuse". Kowace doka muka rufe ta da "with immediate effect", watau ta fara aiki nan take.

Wannan magana ta ƙarshe tana da tarihi a ƙasarmu. Iyayenmu su kan ba da labarin 1975, bayan Janar Murtala Muhammed ya hau mulki, yadda aka sallami ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000, waɗansu a rediyo suka fara jin an kore su, sanarwar kuwa da waɗannan kalmomi a ke rufe ta. Ba a haife mu ba tukuna a lokacin, amma mun gaji kalmar. Muka ɗauko maganar da soja ya yi wa ƙasa duka, muka sauke ta a kan malamai goma sha ɗaya waɗanda albashinsu ya kan yi wata biyu bai fito ba. Da muka gama, ba wanda ya yi tari. Dattijon nan, wanda tun muna yara "ɗana" ya ke ce mana, ya ɗaga kai ya ce, "Noted, sir." Muka ji daɗi. Muka ɗauka girma ke nan.

Cikin mako biyu ya makara sau uku. Ba makarar minti biyar ba, har darasin fari ya kusa ƙarewa kafin a ga kekensa. Yara hamsin da biyu a aji uku ba malami, hayaniyarsu har ofis. Sauran malamai suna kallonmu ta taga, su ga abin da za mu yi. Muka zauna muka rubuta takardar.

Ya kamata masu karatu su lura da yadda muka fara ta, gama nan ne dabarar ta ke. Muka rubuta, "It has been observed", watau an lura. Wa ya lura? Mu ne, da idonmu, da agogonmu. Amma Turancin ofis yana da wannan hanya ta juya magana har mai yin abu ya ɓace daga cikinta. An lura, an yanke, an umarce ni in sanar da kai. Hausa ma tana da nata "an", sai dai da wuya ka tsaya gaban dattijo ka ce masa "an lura ka makara" bai tambaye ka wane ne ya lura ba. Takarda ba ta da wannan haɗari. Muka ba shi awa ashirin da huɗu ya ba da amsa. Kofi ɗaya muka sa a fayil, ɗaya muka aika wa shugaban kwamiti. Ta Malam kuwa muka ba monitan aji uku, yaro ɗan shekara tara, ya kai masa.

Kashegari amsa ta zo, da irin rubutun hannun nan na malaman dā, kowane harafi a tsaye. Layi uku ne. Ya ce gaskiya ne ya makara a ranakun da aka ambata, ba shi da wani uzuri da zai kawo, zai kuma karɓi hukuncin da aka ga ya dace. Ya rufe da "Your obedient servant", watau baranka mai biyayya, kamar yadda a ke rufe wasiƙar ofis a zamanin Turawa. A bayanta ya maƙala tamu takardar. Da jan biro ya zagaye wuri biyu. Mun ninka harafi a cikin "occasion" inda bai kamata ba, mun kuma rubuta "advice", wadda suna ce, a inda a ke bukatar "advise", wadda aikatau ce. Bai sa maki ba. Mu malaman Turanci muka zauna muna kallon jan zagayen nan har aka kaɗa ƙararrawar tara.

Daga ranar makarantar ta yi sanyi. Ba wanda ya yi mana rashin kunya. Kowa "Good morning, sir", kowa yana zuwa a kan lokaci, kowa yana yin daidai abin da aka rubuta, ba ƙari ko kaɗan. Dā malamai su kan tsaya bayan an tashi su yi wa 'yan aji shida bitar jarrabawar shiga sakandare, ba wanda ya ke biyansu. Yanzu da an kaɗa ƙararrawar tashi sai ka ga fili wayam. Alli ya ƙare, ba wanda ya faɗa mana. Rufin aji huɗu ya fara yoyo, sai da littattafai suka jiƙe muka sani. A ƙarshen zangon, malamar lissafi, yarinya mai ƙwazo wadda yara su ke ƙauna, ta kawo takardar barin aiki. Muka tambaye ta dalili, ta ce ba kome.

Uwar 'ya'yanmu ce ta buɗe mana ido. Wani dare muna ta gunaguni a kan taurin kan malamai, ta ajiye kwanon da ke hannunta ta ce, "Maigida, ka kuwa je ka duba Mama?" Muka ce wace Mama. Ta ce matar Malam. Ashe wata biyu ke nan ɓarin jikinta ya shanye. 'Ya'yansu suna nesa, ɗaya a Kaduna, ɗaya a Legas. Malam ne ya ke yi mata wanka da safe, ya ba ta kunu a baki, ya jira maƙwabciyarsu ta gama shirya nata yaran ta zo ta zauna da ita, sa'an nan ya hau keke. Zumuntar mata suna kai abinci bi da bi, har uwar 'ya'yanmu ta kai sau biyu. Muka ce, don me ba a gaya mana ba? Ta ce, "Na gaya maka. Kana rubutu. Ka ce Allah ya sawwaƙe, ba ka ɗago kai ba."

Kalmar "respect", wadda mu ke fassarawa girmamawa, tushenta a Latin shi ne waiwayawa, a sake duban abu. Mun san wannan tun muna kwaleji, mun ma taɓa rubuta shi a allo.

Da yammacin kashegari muka kama hanyar gidansa. Abin dariya, a hanya Turanci mu ke shiryawa. Muna ta juya "I regret any inconvenience" a bakinmu. Wannan ita ce maganar da kamfanoni su ke rubutawa in sun ɓata wa mutane rai, tana kama da neman gafara, amma in ka kwance ta ba ka sami wanda ya yi laifi a ciki ba, ba ka kuwa sami laifin ba. Muka iske shi a tsakar gida, ya naɗe hannun riga, yana wanke zannuwan Mama. Turancin duka ya gudu. Muka durƙusa, muka gaishe shi, muka tambayi mai jiki. Sa'an nan muka ce, "Baba, na yi maka laifi. Ban tambaya ba. Ka gafarta mini."

Bai daina wankin ba. Ya ce, "Hedimasta, tashi, kada yara su gan ka." Ba mu tashi ba. Can ya matse zane, ya ce, "Na makara, gaskiya ne. Yara hamsin ba malami, ba daidai ba ne. Da ni ne a kujerar nan, da na yi magana. Amma da ƙafata zan zo. Kai kuwa a hannun yaron da na ke koya wa ka aiko mini." Muka ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa mini halin da a ke ciki ba?" Ya dube mu, ya ce, "A taro ka ce ba ka son jin 'excuse'. Ni na koya maka karatu. Na ɗauka ka san abin da ka faɗa."

Ya ce ya gafarta, muka shiga muka gaishe da Mama. Amma gafara ba ta sa malami a aji uku da ƙarfe takwas. Muka zauna a kan tabarma muka tambaye shi yadda ya ga za a yi. Shi ya kawo shawarar. Tun da ya ke hedimasta ba shi da darasi da yawa, mu riƙa shiga aji uku darasin fari kowace safiya, shi kuma ya karɓi darasinmu na ƙarshe a aji shida. Cikin minti goma aka gama abin da takarda ta kasa. Daga baya muka karanta labarin wata Ba'amurkiya, Mary Parker Follett, wadda a 1925 ta yi lacca a kan ba da umarni a wurin aiki. Abin da ta koyar shi ne, maimakon wani ya umarci wani, shugaba da ma'aikaci su zauna su dubi halin da aikin ya ke ciki, su duka biyu su bi abin da halin ya bukata. Malam bai taɓa jin sunanta ba.

Saura takardar. Da Turanci aka rubuta ta, tana cikin fayil, kofinta yana hannun shugaban kwamiti, saboda haka da Turanci za a warware ta. Sau uku muna rubutawa muna yagewa, gama hannunmu yana ta komawa ga "an". A ƙarshe muka rubuta "I withdraw", na janye, da "I was wrong", na yi kuskure. Shugaban kwamiti bai so ba. Ya ce, "Malam, hedimasta ba ya janye takarda. In ka yi haka sun raina ka ke nan har abada." Waɗansu dattawa suka goyi bayansa, kuma ba mu ce maganarsu ba ta da kan gado ba, gama sun ga shugabannin da laushi ya kayar. Duk da haka muka karanta ta a taron malamai, sa'an nan muka maimaita da Hausa. Ba a tafa ba. Sannu a hankali bitar yamma ta dawo, amma ta dawo a makare, 'yan aji shida na shekarar ba su yi abin kirki a jarrabawa ba. Malamar lissafi kuwa muka aika mata har sau biyu, ba ta komo ba.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan muka rantse ba mu ƙara rubuta takardar tuhuma. Bayan shekara guda wani malami ya karɓi kuɗin jarrabawa daga hannun iyaye ashirin, kuɗin bai kai ofis ba. Wannan karo da ƙafarmu muka fara zuwa, muka tambaye shi mu biyu kaɗai. Ya yi musu. Muka ba shi mako guda, bai kawo ba. Sa'an nan muka rubuta, gajeriya, da ranaku da adadin kuɗi, muka fara ta da "I". Kafin mu sa hannu muka kai wa Malam ya duba. Jan bironsa ya taɓa wuri ɗaya kaɗai. Mun rubuta "stole", ya sata. Malam ya soke, ya sa "has not accounted for", watau bai ba da lissafinsa ba. Ya ce, "Sata kwamiti ne zai tabbatar. Kai abin da ka sani ka rubuta." Kwamiti ya zauna, ya sallami malamin. Kawunsa dattijo ne a ekklesiya, wata uku yana amsa gaisuwarmu da ka. Malam kuwa sai da aka shekara biyu ya sake ce mana "ɗana", ranar da aka binne Mama, muna riƙe da hannunsa a bakin kabari.

Duhu ya fara sa'ad da muka gama ba ɗan ƙanwarmu wannan labari. Aka kawo fitila, muka juya sabon shafi, muka rubuta masa abin da mu ke gani zai yi masa amfani.

Muka nuna masa aikatau uku da Turawa su ke haɗawa da "respect". Akwai "demand", ka nema da ƙarfi. Akwai "command", irin na mai kwarjini, wanda ba ya bukatar ya nema. Akwai "earn", ita ce kuma kalmar da su ke faɗi a kan albashi, abin da a ke biyanka bayan ka yi aikin wata. Bahaushe ma da kasuwa ya kwatanta abin, da ya ce wane ya saya wa kansa mutunci.

Muka rubuta "responsible". Tushenta amsawa ne. Ranar da buhun siminti goma ya ɓace, wanda mai shago zai kira ya amsa, shi ne "responsible", ko da ba shi ya ɗauka ba. Muka rubuta "delegate", watau ka danƙa wa wani aiki tare da ikon yinsa. In ka ce wa mai sito ya kula da kaya amma mabuɗi yana aljihunka, ba ka danƙa kome ba. In kuwa ka ba shi mabuɗin, amsawa tana nan a wuyanka. Da muka zo kan "deadline", ranar da dole a gama aiki, muka ba shi labarin asalinta domin ya tuna nauyinta. A lokacin yaƙin basasar Amurka, wajen 1864, layi ne da a ke ja a sansanin fursunonin yaƙi, wanda ya ƙetare shi a harbe shi. Muka ce kada ya riƙa sa ta a kan kowane ƙaramin aiki, gama in ka ja layi goma ba ka kula da ko ɗaya ba, na goma sha ɗaya ba wanda zai gan shi.

Akwai kalmomi biyu da Turancinmu na Nijeriya ya sauya wa ma'ana, sabon manaja kuwa ya kamata ya sani. Mu kan ce "sorry" ga wanda ya yi tuntuɓe, watau sannu. Saboda haka in ka yi wa ma'aikaci laifi ka ce masa "sorry", bai san ko gafara ka ke nema ko jaje ka ke yi masa ba. Ka ce "I was wrong". Haka nan "well done", a bakinmu sannu da aiki ce, gaisuwa ce da a ke yi wa kowa, har wanda ya ke barci a kan buhu. In yabo ka ke nufi, sai ka faɗi abin da mutumin ya yi, ka faɗa kuma a gaban mutane. Ƙarƙashin waɗannan muka sa masa 'yan jimloli gajeru: "Could you", wadda ita ce umarni cikin ladabi, da "What do you suggest?", mece ce shawararka, da "I do not know, but I will find out", ban sani ba amma zan bincika. Game da mai sito muka ce ya riƙa kiransa Baba, ya gaishe shi da Hausa da safe, ya tambayi iyali, ya kuma tambaye shi yadda a ke ƙirga kaya tun kafin shi ya zo. Ranar da lissafi bai cika ba kuwa, ya rubuta da Turanci, da lambobi, ya sa sunansa a ƙasa.

Yaron ya karanta shafin sau biyu. Ya ce, "Kawu, makaranta daban, kasuwa daban. A can kuɗi ne ya ke wucewa ta hannun mutane kowace rana. In ka yi laushi, su cinye ka, mai shago kuwa ba ya jiran shekara biyu." Ba mu yi masa gardama ba, gama mu ba mu taɓa sayar da ko ƙusa ba. Ya ce duk da haka mu rubuta masa manyan. Muka juya bayan takardar muka rubuta su, "henceforth" da 'yan'uwanta, kowace da ma'anarta, tun da ya ke lalle zai gamu da su a wasiƙun kamfanoni. Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ran Lahadi bayan sujada ya hau mota.

Bayan mako uku ya bugo waya da dare. Ya ce wani direbansu in an aike shi kai kaya ya kan ɓace awa biyu, yau karo na uku ke nan. Yana rubuta masa takarda, yana so mu faɗa masa yadda a ke rubuta "disciplinary". Muka faɗa masa harafi harafi, ya maimaita daidai. Sa'an nan muka ce, "Ɗana, ina ya ke zuwa a awa biyun nan?" Ya ce bai sani ba. Muka ce, "Mai sito fa, ya sani?" Ya yi shiru, har muka zaci layin ya yanke. Can ya ce, "Baba zai sani." Yana cikin tambayarmu ko "query" tana da "r" ɗaya ne ko biyu, katinsa ya ƙare.